Ranar da Baba Ya Kwashe Randar Mma

Duk wanda ya saba bin layinmu a Zangon Kumasi ya san randar ƙofar gidanmu, ko da bai san mu ba. Babbar randa ce baƙa, an binne ta har ƙugu a jikin bangon da ya raba gidanmu da ƙaramin masallacin da mahaifinmu yake limanci. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ita ta zo da ita daga arewa tana amarya, a bayan motar shanu, an naɗe ta da tsumma da ciyawa. Takan ce duk kayan aurenta babu abin da ya iso Kumasi lafiya sai randar nan, sai ita kanta, ita ma ɗin da ƙyar.

Ruwan sadaka ne a ciki. Fataken shanu in sun sauka da gajiyar hanya, nan suke fara tsayawa. Makanikai masu dawowa daga Magazin, unguwar masu gyaran mota, da hannu baƙi ƙirin, 'yan mata masu dako a kasuwa, Asantawa masu tallan ayaba, kowa ya san ƙa'idar Mma: ba a sallama, ba a godiya. Ka ɗaga faifai, ka ɗiba da moɗa, ka sha, ka rufe, ka kama gabanka. Ruwan kuwa ga sanyi, ga wani ƙamshi da har yau ban sake jin irinsa a ko'ina ba. Kafin azahar randar ta yi rabi, Mma ta kore mu mu ƙaro.

Da ciwon ajali ya kwantar da ita, ina zaune a bakin gado wata hantsi ina mata fifita, Baba ya shigo ya tambaye ta ko akwai abin da take so. Na zaci maganarmu za ta yi, mu 'ya'yanta. Sai ta ce, "Malam, kada ka bari randata ta bushe." Baba mutum ne da ba ya rantsuwa ko a kan gaskiyarsa, yana ma yi wa masu yi faɗa. Amma ranar sai na ji ya ce, "Wallahi muddin ina numfashi, ba za a ga ƙasan randar nan ba." Ba ta daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abarsa.

Alkawari kaya ne, Baba kuwa a ka ya ɗauki nasa. Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa ɗaga bokiti ba, sai ga shi kullum bayan sallar asuba yana tangaɗi da jarka daga famfon tsakar gida zuwa ƙofa, ya ɗaga faifai, ya cika ta har wuya. In famfo ya ɗauke, kamar yadda ya saba ɗaukewa, sai ya aika a sayo, amma zubawar dai shi zai yi. Yayana, wanda yake gyaran manyan motoci a Magazin, ya taɓa ƙwace jarkar don tausayi, Baba ya daina amsa gaisuwarsa har sai da ya ba da haƙuri. Abu ɗaya ne ya dami tsohon: ƙamshin ya tafi. Yakan kurɓa, ya girgiza kai, ya ce, "Albarkar hannunta ce, ta bi ta."

Ni kuwa na san ba albarka kaɗai ba ce. Kowace Laraba Baba yakan tafi kasuwar shanu tun da sassafe, domin a can ma shi ne mai raba gardama tsakanin fatake da dillalai, ba ya dawowa sai gab da azahar. Da ya ba da baya Mma take ɗaure ƙugu, ta kwashe randar ƙaf, ta zura hannu har kafaɗa ta dirje ta da soso da toka, ta goge, ta saka ɗan kasko da garwashi da kajiji a ciki, ta rufe ta turara. Mu ne 'yan jigilar ruwa, shi ya sa na taso na tsani Laraba. Kafin ya dawo randa ta cika, an share ƙofa, Mma ta yi wanka tana zaune tana tsinken shinkafa kamar ba ta motsa daga wurin ba. Tana cikin matan nan na da, da ba sa son miji ya gan su cikin gumi.

Zamani kuma ya canja bayanta. Ruwan leda ya cika gari, kowa da nasa a hannu, mai sanyin firji. Masu shan ruwan randa suka ragu, sai 'yan tsofaffi da wanda ya makara yana neman na alwala. Ruwan da a da yake ƙarewa kafin yamma, yanzu da ƙyar yake sauka da faɗin yatsa. Baba ya ƙara faɗin yatsan nan a kai, na ƙasa yana nan zaune wata da watanni. Faifan ma ya tsufa, gefensa ya zazzage, amma tunda na Mma ne ba a canjawa.

Wata rana na ɗaga na leƙa, sai na ga wasu 'yan abubuwa suna wutsil-wutsil a ciki. Ni kuwa Allah bai ba ni bakin lallashi ba. Bakin Mma na gada, ban gaji haƙurinta ba. Na ce, "Baba, ruwan nan ya daɗe. Mma duk Laraba take kwashe ta ta wanke."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara arba'in da wani abu ina tare da matar nan, ban taɓa ganin randar nan ba ruwa ba. Ke kika fi ni saninta?"

"Ai ba ka nan take yi."

"To, tunda ba na nan, ban gani ba." Ya ɗebi ruwan a moɗa ya ɗaga wa haske. "Launinsa ya canja? Ɗanɗanonsa fa? Yana wari? To ruwa ne mai tsarki, a sha, a yi alwala. Wannan karatun kin yi shi tun ɗankwali ba ya zama a kanki."

A nan ya ɗaure ni, domin gaskiya ne na yi karatun, a gabansa ma na yi. Na tafi ina ƙunƙuni har Ayigya, inda nake aure, na sauke sauran faɗan a kan mijina, bawan Allah, wanda ko randar bai taɓa leƙawa ba.

Ina da 'ya mace guda ɗaya. Sunan Mma aka sa mata, saboda haka babu mai kiran sunanta a gidanmu. Mma ƙarama muke ce mata, Baba kuwa uwargida yake cewa, yana tsokanarta wai tuwonta ya yi gishiri, ita kuma tana ce masa maigida mai rowar cefane. A dogon hutun makaranta na daminar shekarar, nakan ajiye ta a wurinsa da safe in wuce shagona na atamfa a kasuwa, in ɗauke ta da yamma. Wurin zamansu ɗaya ne, bencin da ke gefen randa. Nan take karatun allo da hantsi, nan suke komawa bayan la'asar, tana lilo da ƙafafu. Kullum sai na ga tana sosa idon sawu. Ban damu ba. Mu da muke kwana cikin gidan sauro, sauron rana me zai yi mana?

Zazzaɓin ya zo mata farat ɗaya da rana tsaka. Kai, bayan idanu, gaɓoɓi, ko taɓa ta aka yi sai ta yi ƙara. Muka ce maleriya ce, abin da kowa zai ce ke nan. Aka gwada a ƙaramin asibiti aka ce ba ita ba ce, aka ba mu farasitamol, aka ce ta sha ruwa da yawa, in mun ga wani canji mu dawo da gudu. Bayan 'yan kwanaki zafin jikin ya sauka, na yi hamdala har na dafa shinkafa da wake na raba wa maƙwabta. Ashe lokacin ne abin tsoro. Washegari da safe ta riƙe ciki tana amai, da na goge mata baki sai na ga jini a dasashinta. Ban san yadda muka isa babban asibiti ba. Na dai tuna direban tasi yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa ina ta masa masifa don ya tsaya wa danja.

Denge, in ji likita. A lokacin an fara ambatarsa a rediyo, amma mu a Zango ciwon rediyo ciwon wasu ne. Ya ce ba shi da wani magani nasa na kansa, sai ƙarin ruwa da sa ido, sai abin da Allah ya yi. Ya ja mini kunne kada in kuskura in ba ta irin magungunan ciwon jikin nan da muke saya a kemis mu haɗiya kamar gyaɗa, wai suna ƙara zubar jini. Ya ce wanda ya taɓa yi ya kiyayi na biyu, domin yakan fi na farko haɗari. Ya ce sauro ne yake ɗauko shi daga mai ciwo ya kai wa mai lafiya, amma ba sauron daren da muka sani ba, wannan da rana yake cizo, da hantsi da kuma yamma. Yana faɗin haka bencin nan ya faɗo mini a rai.

Baba kullum sai ya hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ya zo. Ya zauna a gefen gadon da carbi, ya ce, "Uwargida, yau ma ba a yi mini tuwo ba." Ita kuwa ko ido ba ta iya buɗewa sosai.

Tana kwance a asibitin aka turo wata nas ta zagaya layinmu, domin ba ita kaɗai ba ce, an samu wasu a layin bayanmu. Na biya gidan Baba ɗaukar kayan yarinyar sai na tarar da ita. Ba'asantiya ce, gajera mai jiki, da lema a hammata, ta taso a unguwar Krofrom cikin Hausawa, saboda haka tana jin Hausa irin ta Zango, wadda ba ta raba namiji da mace. Kafin ta shiga gida na uku labari ya riga ta: tankas sun zo. Tankas su ne masu duba-garin da, waɗanda suke zura ludayi a tulun mace, in sun ga tsutsa su kai ta kotu. Tsofaffinmu ba su manta ba, sun kuma gadar wa 'ya'yansu tsoron. Nan da nan aka ja durom-durom bayan ƙofa, aka lulluɓe bokitai da tabarma, kowace mata ta fito tana murmushi tana cewa su ko ruwan sha ba su ajiye ba. Nas ɗin tana ganin jiƙaƙƙiyar tabarma, amma sai ta yi godiya ta fito.

Ni na kamo hannunta na kawo ta wurin randa. Baba yana zaune a bencin shi kaɗai. Ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi jikin yarinya, sannan ta ce, "Baba Malam, ni ba tankas ba ne. Ba ni kai kowa kotu. Ina so in gani ruwa kawai."

Baba ya ce, "Ruwan sadaka ne, ba a hana kowa."

Ta ɗiba ta duba. Baba ya sake jero mata abin da ya jero mini, launi da ɗanɗano da wari. Na buɗe baki zan fara, sai ta ɗan taka mini ƙafa.

"Gaskiya ne, Baba. Ruwan nan ya yi kyau paa. Shi ya sa sauron nan ya so shi. Shi ba ya son kwata, ba ya son datti. Ruwa mai kyau da ya zauna shiru, nan ne gidanshi. Yana sa ƙwai a jikin randa, ya manne, ko ka ƙara sabon ruwa yana nan. Sai an kwashe duka, a goge da soso, a rufe da murfi mai kyau. Kowane mako."

"Ba za a kwashe ba," in ji Baba. "Akwai rantsuwa a kanta."

Ta tambayi ta mene ne, ya faɗa mata a taƙaice. Na zaci za ta ɗauko maganar doka ko ta fara wa'azin asibiti. Sai ta ce, "Yoo. Maganar wanda ya rasu yana da nauyi. Mu ma haka ne wurinmu." Ta buɗe jaka ta fito da farar kwalba, ta zuba ruwan moɗar da 'yan wutsil-wutsil ɗinsa, ta ɗaure bakin da ɗan ƙyalle mai shara-shara, ta miƙa masa da hannu biyu. "Ka aje a ɗaki, ka duba kowane safe. Abin da ya fito, kai ne malam, kai za ka gaya mini sunanshi."

Haushinta ya kama ni. 'Yata tana kwance da allura a hannu, ita kuwa tana raba kwalabe. Tana juya baya na ce, "Baba, in Allah ya tashi kafaɗun yarinyar nan, ba za ta sake taka ƙofar nan ba muddin randar nan tana yadda take. Likita ya ce na biyu ya fi na farko. Sai ka zaɓa." Ya tashi da kwalbar ya shiga ɗaki.

Na san tsofaffi da yawa, na san abin da akasarinsu za su yi da kwalbar nan: su zubar a kwata su ce yaran zamani sun raina manya. Baba bai yi haka ba, kuma wannan ne abin da har in mutu zan riƙa yaba masa. A kan kantar littattafansa ya ajiye ta. Yana da wani gilashin ƙara girma da yake karanta ƙananan rubutun gefen littafi da shi, da shi ya riƙa duba ta kowace safiya, kamar yadda yake bin mas'ala mai wuya. Ba ya so abin ya zama gaskiya, wannan a fuskarsa yake, amma bai kau da kai ba. In ya zo asibiti ba ya mini magana kai tsaye, sai ya dubi bango ya ba da rahoto. Ran nan ya ce, "Sun ƙara girma." Wata rana ya ce, "Sun daina wutsil-wutsil, sun lanƙwashe kamar harafin wawu."

Kafin mako ya zagayo ya zo da wata irin fuska. A ranar Mma ƙarama ta tashi zaune, tana shan koko da kanta, jinin ya tsaya. Tana ganinsa ta ce da 'yar muryarta, "Maigida, ka cika randa?" Ya ce, "Na cika, uwargida." Ya daɗe yana kallon 'yan tabon da ke idon sawunta. Daga baya yayana ya faɗa mini cewa da safiyar ranar ya tarar da Baba tsaye a gaban kantar littattafan, sauro sun fito sun maƙale a jikin ƙyallen, baƙaƙe masu ratsin fari a ƙafa. Baba ya ce masa ya san su. Su ne yake kore wa yarinyar da gefen riga in suna zaune a benci.

Washegari ya aika a kira nas ɗin, ya aika a kira ni, ya ce mu zo da la'asar. Da ya sallame salla ya ce kada kowa ya tafi. Ya fito ƙofar masallaci ya tsaya kusa da randar, da kwalbar a hannu. Maza suka zagaye shi, mata suka fara leƙowa daga ƙofofi.

Ya ce, "Jama'a, kun san randar nan, kun san wadda ta kawo ta, da yawanku kun san rantsuwar da na yi. To, ga abin da na yi ta kiwo a cikinta." Ya miƙa kwalbar aka riƙa zagayawa da ita hannu zuwa hannu. "Na ce ruwa ne mai tsarki, kuma mai tsarki ne, ban janye ba. Amma tsarki daban, lafiya daban. Wannan ban san shi ba sai da 'yar nan ta ba ni kwalba. Allah ne masani, amma jikata a nan take zama, a gefena, ga ta can a kwance. Abin da muka karanta shi ne, wanda ya rantse a kan abu sannan ya ga wanda ya fi shi alheri, ya yi mafi alherin ya yi kaffara. Na sha faɗa wa mutane haka a zauren nan, ban san yana da ɗaci ba sai yau. Zan karya rantsuwata a gabanku. In ta riƙe ni da laifi, tsakanina da ita ne a can."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa nas ɗin ta riƙe masa, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ya fara kwasa da moɗa yana watsawa a kan titi. Samari suka taso za su karɓa, ya ɗaga musu hannu. Randar Mma ba ƙaramar aba ba ce, Baba kuma ba yaro ba. Da ruwan ya yi ƙasa sai ya durƙusa, ya ɗiba ya ɗago, ya huta, ya sake. Wani tsohon dillalin shanu da ya sha ruwan nan tun yana saurayi ya juya fuskarsa ga bango. Ni kuwa da na ce masa ya zaɓa, da na ga yana zaɓar, sai na ji kamar in ce ya bari.

Tun bai gama ba na ji ƙarar ƙarfe a bayana. Maƙwabciyarmu ce, wadda ta rantse wa nas cewa ko ruwan sha ba ta ajiye ba, take janyo durom daga bayan ƙofa. Wata ta biyo ta da bokitai. Abin da ya biyo baya kowa a layin ya sani. An kifar da tsofaffin gwangwanaye da ɓawon kwakwa, an zazzage butocin masallaci da suke kwana da ruwa, yayana da abokansa suka bi tsofaffin tayoyin da aka jibge a kan rufin kwano suka huda su. Abin da rediyo ya yi ta faɗa aka yi masa kunnen uwar shegu, tsoho ɗaya a durƙushe ya isar da shi. Baba ya yi kaffararsa kamar yadda littafi ya ce. Wani maƙeri a Magazin ya yanko wa randar murfin ƙarfe da ya zauna ɗas. Mma ƙarama ta warke, ta koma bencinta, ta ci gaba da kiran kakanta mai rowar cefane. Nas ɗin kuwa har yau in ta bi layin sai an tare ta da goro, ba mai ɓoye mata tabarma.

Amma in na tuna ranar, ba wannan ne yake fara zuwa mini ba. Abin da ya faru bayan ya kwashe moɗar ƙarshe ne.

Na miƙa masa soso da toka. Ya zura hannu har kafaɗa ya fara dirza, koren gansakuka yana fita. Nas ɗin ta kunna fitilar wayarta ta haska masa ciki don ya ga inda ya rage. Sai na ga ya tsaya. Ya ƙara sunkuyawa, ya goge ƙasan randar da tafin hannu, ya sake dubawa. A can tsakiya akwai wani baƙin zobe, zagayayye, wuta ta ci shi cikin yumɓun.

Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Gurbin kaskon Mma ne, Baba. Na kajiji."

Ya bi zoben da yatsa. Ya shafa jikin randar ta ciki, inda ya yi sumul saboda dirza, tun daga ƙasa har wuya. Ya daɗe a haka, kansa a cikin randa, mutane suna ta hidimar durom-durom ɗinsu ba su lura ba. Da ya ɗago sai ya zauna a ƙasa, shi da ko a gida ba ya zama a ƙasa sai a kan buzu.

"Wace rana kika ce?"

"Laraba. In ka tafi kasuwar shanu."

"Duk Laraba?"

"Duk Laraba, Baba."

Ya dubi hannunsa mai toka. Ya ce, "Shekara arba'in ina shan ruwan matar nan ina cewa albarka ce." Sannan ya ɗago ya dube ni, ba ta saman tabarau ba wannan karon. "'Yar nan, me kuma take yi da ban gani ba?"

Amsar tana da tsawo, shi kuma ya tsufa. Na shiga ɗakin Mma, wanda ba a taɓa komai a cikinsa ba tun rasuwarta. Kaskon yana nan a ƙarƙashin gado inda ta bar shi, da sauran kajiji a ƙulle a bakin tsumma. Na ɗebo garwashi a murhun maƙwabciya na kawo. Na ce, "Bari in nuna maka wannan tukuna."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya ɗora shi a kan zoben, ya zauna daidai. Na rufe da tsohon faifan. Da hayaƙin ya fara fitowa ta gefen da ya zazzage, Baba ya shaƙa sau ɗaya, ya rufe fuskarsa da hannun nan mai toka. Nas ɗin ta yafa masa rigarsa a kafaɗa, muka ja baya muka bar shi da ita.